Wutar Wucin-Gadi A Wurin Gini: Akwatin Da Ya Kamata Ya Shiga Tsakanin Janareta Da Lebura

A wannan shafi mun saba hira a kan wayoyin hannu, manhajoji da caja. Yau zan fitar da ku daga ɗaki zuwa fili, wurin yashi da siminti, mu yi magana a kan wata na'ura da ba a tallarta a Facebook, wato akwatin rarraba wuta na wurin gini, wanda masu wayarin ke kira dibi. Ni ba mai gyaran wuta ba ne, rubuta manhaja ce sana'ata, kuma a intanet na koye ta. Abin da ya sa na zauna na karanci wannan akwati wani abu ne da ya faru a gabana. Don gudun ruɗani, a nan idan na ce waya, ta hannu nake nufi. Wayar da ke ɗaukar wuta kuwa kebul zan kira ta.

Abin da ya faru a filin Baffa

Duk wanda ya tashi a yankinmu, daga Funtua zuwa Bakori, Danja, Ƙafur har Malumfashi, ya san kakar gini tana bin kakar amfanin gona. Da an casa masara, an sayar da waken suya da auduga, sai ka ga tifa na juye yashi a kowane lungu. Wani sito zai gina, wani shaguna, wani ɗakin amarya. Yawancin filayen a bayan gari suke inda turakun wuta ba su kai ba, don haka janareta ake kawowa.

Haka Baffana ya fara ginin siton hatsi a bayan Funtua, ta hanyar Bakori. Tunda aikina a kwamfuta yake, ya ce in riƙa zama a wurin ina lura da siminti da rubuta kuɗin leburori. Yadda aka haɗa wutar wurin, na tabbata kun taɓa ganin irinsa. Janareta a gindin bishiya, an soka kebul tsirara a bakin soket ɗinsa an danne da tsinken ashana. Kebul ɗin ya bi ƙasa, an yi masa gami wuri uku an naɗe da leda, ya ƙare a jikin wani katako da aka kafa wa soket huɗu da ƙusa. A nan injin jan ruwa yake sha, a nan mai yankan rodi yake sha, a nan mai walda yake sha, a nan kuma muke cajin wayoyinmu.

A satin farko cajar kwamfutata ta ƙone. Duk lokacin da mai walda ya ɗana, sai janareta ya yi nishi wuta ta yi ƙasa, da ya ɗaga hannu kuma ta dawo da ƙarfi. Na yi ta mita a kan cajata kwana biyu, ban taɓa tunanin akwai abin da ya fi ta tsada a wurin ba.

Ranar da ake buga bulo, wani yaro lebura, ba takalmi a ƙafarsa, yana tsaye cikin ruwan da ya malalo daga tanki, ya sunkuya zai gyara zaman injin jan ruwa. Da ya dafa ƙarfen injin sai ya ƙame. Bai yi ihu ba, hannunsa kawai ya manne. Birkilan da ke kusa da janareta ne Allah ya ba basira, ya ruga ya kashe shi. Yaron ya faɗi, ya farfaɗo, tafin hannunsa ya ƙone, muka kai shi asibiti. Da na dawo na duba birekar da ke jikin janaretan, tana nan a sama yadda take, ba ta faɗi ba.

Me ya sa bireka ba ta faɗi ba?

Wannan tambaya ce ta hana ni barci. Amsarta kuma tana cikin lissafin da muka yi a sakandare muka manta. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Abin da ke kashe mutum shi ne yawan wutar da ta ratsa jikinsa, wanda ake aunawa da amfiya. Amfiya ɗaya miliamfiya 1,000 ce. Mutum yakan fara jin tsikarin wuta daga wajen miliamfiya 1. Idan ta kai 10 zuwa 15, naman hannu yana iya ƙamewa ya kasa sakin abin da ya riƙe, kamar yadda ya faru da yaron nan. Daga 30 zuwa sama numfashi yana shiga matsala, idan kuma ta kai 50 zuwa 100 ta ratsa ƙirji, bugun zuciya na iya rikicewa cikin daƙiƙu.

Jikin mutum da ya jiƙe da gumi da ruwan siminti, turjiyarsa ga wuta na iya sauka zuwa wajen om 1,000. Ka buɗe kalkuletar wayarka ka raba 230 da 1,000. Za ka sami amfiya 0.23, wato miliamfiya 230, ninkin abin da zai tsayar da zuciya. Ita kuwa bireka mai lamba 16 ba ta motsi sai wuta ta wuce amfiya 16, kusan ninki 70 na wannan. A wurinta, mutumin da wuta ke kashewa bai fi ƙwan fitila mai wat 50 ba. Aikin bireka shi ne kare kebul kada ya yi zafi ya kama da wuta. Kare mutum aikin wata na'ura ce daban, kuma ita ce babu a filinmu.

Mene ne a cikin akwatin?

Akwatin rarraba wuta na wucin-gadi akwati ne na ƙarfe ko roba mai kauri, mai murfi da wurin sa kwaɗo. Kebul ɗaya ke shigowa daga janareta ko mita, layuka da yawa su fita, kowanne da mai gadinsa. A ciki za ka tarar da waɗannan:

Babban makunni. Shi ke yanke wutar wurin gaba ɗaya, layi mai wuta da nutural a tare. Ya zama a inda kowa ya sani kuma hannu ke kaiwa.

Na'urar gano yoyon wuta. A jikinta ana rubuta RCD ko RCCB, tare da lamba 30mA da maɓalli mai harafin T. Bayaninta na tafe.

Ƙananan bireka. Kowane layi da tasa: ta injin ruwa, ta kayan yanka da huji, ta fitilu, ta caji. Harafin da ke gaban lambar yana da ma'ana. Mai B tana faɗuwa nan take idan wuta ta ninka lambarta sau 3 zuwa 5, ta dace da fitilu. Mai C tana jure ninki 5 zuwa 10 na ɗan lokaci, ta dace da inji mai moto, domin moto yana zuƙar wuta da yawa a lokacin tashi.

Mai gadin hawa da saukar wuta. Ƙaramar na'ura ce mai nuna lamba, tana yanke wuta idan bolt ya haura ko ya sauka fiye da iyakar da aka saita mata. Da muna da ita, da cajata ba ta ƙone ba.

Sandar nutural da sandar atin, kowacce daban, sai soket masu murfi a jikin akwatin.

Kafin ka sayi akwati duba lambar IP da ke jikinsa. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP44 yana jure fantsamar ruwa, IP65 kuwa ƙura ba ta shiga sam, kuma yana jure feshin ruwa. Mu da ke gini cikin hazon hunturu, wani lokaci aiki ya ja har damina, na biyun ya fi mana. A kafa shi a tsaye, sama da ƙasa, a inuwa, nesa da wurin kwaɓa siminti.

Yadda na'urar yoyo take aiki

Ka ɗauke ta kamar mai lissafi a ƙofar sito. Duk wutar da ta fita ta layi mai wuta dole ta dawo ta nutural, ba ragi. Na'urar tana auna fita da dawowa a kowane lokaci. Idan wani ɓangare bai dawo ba, to ya bi wata hanya, ko ta ruwa, ko ta ƙarfen inji, ko ta jikin mutum. Da giɓin ya kai miliamfiya 30 sai ta yanke wuta cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. Idan yoyon ya ninka haka sau biyar, ƙa'ida ta ce ta yanke cikin kashi 40 na 1,000 na daƙiƙa. Mutum zai ji jan wutar, amma galibi za ta ɗauke kafin zuciya ta rikice.

Fasahar ba sabuwa ba ce. A tsakiyar shekarun 1950 wani injiniya mai suna Henri Rubin ya ƙera irinta a Afirka ta Kudu saboda ma'aikatan haƙar zinariya. A 1961 Farfesa Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya ya fito da tasa, wadda a Amurka ake kira GFCI, tana faɗuwa a wajen miliamfiya 5, kuma ta zama ruwan dare a soket na wuraren gini a can. A Ingila sun ƙara da wata dabara: kayan aikin hannu a wurin gini da bolt 110 suke aiki ta wata taransifoma mai launin rawaya, wadda aka tsara yadda tsakanin kowane layi da ƙasa bolt 55 ne kacal. Shi ya sa manyan soket na masana'antu suke da launi: rawaya 110, shuɗi 230, ja 400.

Akwai abubuwa uku da ya kamata ka sani. Na ɗaya, RCCB ba ta kare kebul daga lodi, dole a haɗa ta da bireka. Wadda ta haɗa ayyukan biyu ita ce RCBO. Na biyu, idan mutum ya riƙe layi mai wuta da hannu ɗaya, nutural da ɗayan, ba za ta gane ba, domin wutar ta fita ta dawo daidai. Na uku, a kasuwa akwai masu lamba 100mA da 300mA. Waɗannan na rigakafin gobara ne, ba su isa kare rai ba. Ka karanta lambar da idonka kafin ka biya.

Mu masu rubuta manhaja muna da wata magana: ajiyar bayanan da ba ka taɓa gwada dawo da ita ba, kamar babu take. Haka wannan na'ura. Kowace safiya, bayan an tada janareta, kafin a fara aiki, a danna maɓallin T. Idan ba ta faɗi ba, a tsaya a kira mai gyara.

Atin, da sirrin ƙananan janareta

Kebul ɗin filinmu mai layi biyu ne, ba na uku. Layi na ukun nan, kore ko kore da rawaya, shi ke haɗa ƙarfen jikin inji da atin. Idan wuta ta zubo a jikin inji, ta nan za ta gudu, na'urar yoyo ta gani ta yanke tun kafin wani ya dafa. Idan babu shi, wutar za ta zauna a jikin ƙarfen tana jiran wanda zai taɓa.

Ga wani abu da ban sani ba sai da mai wayarin ya nuna mini. Yawancin ƙananan janareta nutural ɗinsu ba a haɗe yake da jikin injin ko ƙasa ba. A irin wannan yanayi, kana iya sa na'urar yoyo, ka danna T ta faɗi, amma ranar da ake buƙatarta ta ƙi aiki yadda ya kamata, saboda wutar da ta zube ba ta da hanyar komawa. A filinmu, ɗaya daga cikin gamin ledar nan ya goge yana taɓa rodin da ke cikin ƙasa, injin ruwan kuma yana yoyo ta ɗaya layin. Yaron ne ya cike da'irar da ƙafarsa. Maganin shi ne ƙwararre ya haɗa nutural da jikin janareta da sandar atin a wuri ɗaya tak, kafin na'urar yoyo, sannan ya gwada da na'urar gwaji a bakin soket. Wannan ba aikin kallon bidiyo a YouTube ba ne.

Sandar atin kuma a kafa ta a wuri mai laima, ta nutse sosai. Da rani ƙasarmu tana bushewa, ƙarfin atin ya ragu. Gishiri da gawayin da aka saba zubawa suna taimakawa na ɗan lokaci, amma gishiri yana cin ƙarfen sandar. Abin dogaro shi ne awo da mita.

Lissafin lodi da wayarka

A nan ne kai mai waya za ka yi amfani. Zagaya ka ɗauki hoton farantin bayani da ke jikin kowane inji. Ka'idar ɗaya ce: wat daidai yake da bolt sau amfiya. Idan an rubuta ƙarfin doki, doki ɗaya wat 746 ne, amma abin da moton ke zuƙa ya fi haka. Idan janareta kVA kawai aka rubuta masa, ninka da 0.8 ka sami kilowat, don ka zauna lafiya.

Ga lissafin filinmu. Janareta mai kVA 5, wato wajen wat 4,000. Injin ruwa mai doki ɗaya, ka ba shi wat 1,000. Babban injin yankan ƙarfe, 2,000. Injin huji, 700. Fitilu huɗu masu wat 50, 200. Caja goma masu wat 20, 200. Jimilla 4,100. Kun ga mun cika janareta tun ba a zo kan mai walda ba, alhali injin walda shi kaɗai yana iya jan amfiya 20 zuwa 30. Ga shi kuma moto yana jan ninki 3 zuwa 7 na wutarsa a daƙiƙun tashi.

Abin da ya fi shi ne kada lodi ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin janareta, wato wat 3,200 a namu. Sai muka raba aiki: a cika tanki da sassafe kafin masu yanka su fara, mai walda kuma ya zo da janaretansa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ke lissafin lita, kuma wannan tsari ya rage mana awannin da janareta ke ta kuka a banza.

Kaurin kebul da nisan tafiya

Ana auna kaurin kebul da murabba'in milimita. A taƙaice, mai 1.5 na fitilu ne da ƙananan kaya, mai 2.5 na soket da bireka 16 ko 20, mai 4 yana ɗaukar har wajen amfiya 30. Ka'idar da ba a karyawa ita ce kada lambar bireka ta fi abin da kebul zai iya ɗauka. Wanda ya ga bireka na yawan faɗuwa ya sauya ta da babba, ya mayar da kebul ɗin ne fis.

Nisa ma yana cin wuta. Kebul mai 1.5 yana zubar da wajen milibolt 29 a kowace amfiya a kowace mita. Mai 2.5 yana zubar da 18, mai 4 kuma 11. A ce za ka kai amfiya 16 nisan mita 50. A mai 1.5 za ka rasa bolt 23, a mai 2.5 bolt 14, a mai 4 bolt 9. Abin da ake so kada asarar ta wuce kashi 5 cikin 100, wato bolt 11.5. Moton da wuta ba ta isarsa zafi yake yi har ya ƙone, sai a ce injin ne ba shi da kyau.

A kula da jabun kebul, wanda cikinsa alminiyon ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Kankare silin da wuƙa, idan fari ya bayyana, ajiye shi. Alminiyon kusan kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka. Nemi mai tambarin hukumar SON. Araha ba ta ado. Sannan kebul ya bi sama a kan turaku, ko a sa shi cikin bututu inda tifa da baro ke wucewa. Wanda ke naɗe a kan gargare a warware shi duka kafin a ɗora masa lodi, domin a naɗe zafi yake tarawa.

Idan akwai wutar KEDCO a kusa

KEDCO ne ke raba wuta a Katsina, Kano da Jigawa tun da aka sayar da kamfanonin rarrabawa a Nuwamban 2013. Idan layi ya kai filinku, a je ofishinsu a nemi haɗi da mita. Maƙala ƙugiya a kan layi laifi ne a ƙarƙashin dokar lantarki ta 2023.

Idan za a haɗa wutar layi da janareta, cenjoba wajibi ce, mai yanke layi mai wuta da nutural. In ba haka ba, wutar janaretanka za ta koma kan layi, taransifoma ta ɗaga ta zuwa bolt 11,000 ko 33,000, ta sami ma'aikacin da ya hau turke yana ganin an ɗauke wuta. A haɗi mai layi uku kuma, idan nutural ya tsinke, soket na iya ganin har kusan bolt 400. A nan mai gadin hawa da saukar wuta yake biyan kuɗinsa.

A ɗaga kai a duba sama kafin a ɗaga rodi. Ƙa'idar Najeriya ta ware mita 5.5 a kowane gefe na layin bolt 11,000 da 33,000, mita 15 a kowane gefe na layin 132,000 irin wanda ya shigo Funtua daga Zariya ya wuce Gusau. Babbar wuta ba sai an taɓa ta ba, tana tsallako iska. Babu akwatin da zai kare wanda rodinsa ya kusanci layin sama.

Sola da bireka mai WiFi

Wasu yanzu inbata da batir suke kaiwa wurin gini don fitilu, caji da ƙananan kaya. Wutar da ke fita daga inbata ita ma bolt 230 ce, tana kisa kamar ta janareta, don haka sai ta bi ta akwatin. Ɓangaren faranti da batir kuma bireka ta DC ake sa masa, ta AC ba ta iya kashe tartsatsin irin wannan wuta.

Ni da son haɗe-haɗe, na sa wa akwatinmu mita. Na haɗa allon ESP32 da ma'aunin PZEM-004T, na rubuta 'yar manhaja da ke nuna mini bolt, amfiya da wat a waya. Ɓangaren wutar mai wayarin ne ya haɗa, ni na tsaya a kan lambobi. Da shi na gane awannin da ake cika wa janareta lodi. Wanda ba ya son wahala, akwai bireka masu WiFi da ke aiki da manhajar Tuya ko Smart Life.

Sai dai a yi hattara. Irin wannan bireka ba ta maye gurbin na'urar yoyo. Kuma kunna wuta daga nesa haɗari ne: kana zaune a shagon shayi ka ga layi a kashe ka danna, ba ka san wani ne ya kashe yana gyara ba. A wurin gini, waya ta duba kawai. Mai gyara ya kashe babban makunni, ya sa kwaɗo, makulli ya zauna a aljihunsa. Manhajojin da ke cewa suna gano kebul mai wuta da wayar hannu kuwa, kada ka jingina ranka a kansu.

Idan wuta ta kama mutum

Kada ka taɓa shi. Kashe babban makunni ko janareta. Idan ba hali, ka tsaya a busasshen wuri ka ture kebul ɗin da busasshen katako. Wannan na wutar gida ne. Idan layin sama ne, kowa ya ja baya a kira masu wuta. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti har a sami taimako. Ranar da abin ya faru a wurinmu, wani gudu ya yi ya sayo madarar gwangwani. Madara ba ta maganin jan wuta, kuma ɗura wa wanda ya suma abu a baki na iya shaƙe shi. Ko ya miƙe ya ce garau yake, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa.

Sannan kada a shigar da janareta cikin kangon da mai gadi ke kwana don tsoron ɓarayi. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

Yadda muka ƙare da Baffa

Da na kai wa Baffa jerin kayan da za a saya, ya daɗe yana kallon takardar.

"Kai yaro, duk wannan a kan wutar wata biyu? Ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa."

"Haka ne Baffa. Amma sito ma da za ku zuba masara, ai sai kun sa masa ƙofa da kwaɗo."

Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni nawa aka kashe a asibiti da kwanakin da aiki ya tsaya. Da muka haɗa, sai ya ce in nemo mai aikin, amma wanda ya san abin da yake yi.

Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke duba aikin haɗa wuta tana kuma ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa, don haka ba rashin kunya ba ne ka nemi ganin ta. Wanda muka samu ya haɗa mana akwati mai babban makunni, mai gadin bolt, na'urar yoyo biyu don kada fitilu su mutu idan injin yanka ya jawo matsala, da bireka huɗu, kowacce an rubuta aikinta da Hausa a ƙasanta. Kuɗin na'urar yoyo mai kyau bai kai na wayar da ke hannun yawancinmu ba. Kafin a gama ginin ta faɗi sau biyu. Na farko ruwa ne ya shiga soket. Na biyu kebul ɗin injin huji ne ya yanke a hannun wani kafinta, ya ce ya ji ɗan tsikari kawai. Da aka gama sito aka kwance akwatin, yanzu yana wurin ginin wani ɗan'uwanmu a Malumfashi.

A gidaje da yawa, mu matasa ake turawa tsaron gini saboda mun iya lissafi da waya. Gobe idan ka je, ka yi wa mai haɗa wutar tambayoyi biyar. Ina babban makunni? Ina na'ura mai lamba 30mA, kuma yaushe aka danna T? Kebul ɗin layi uku ne? An haɗa nutural ɗin janareta da atin an gwada? Lodin nawa ne, janaretan nawa yake ɗauka? Idan ya ce "haka muka saba yi", ka nuna masa lissafin 230 a raba da 1,000.

Wanda ya taɓa ganin irin wannan a wurin gini, ko a wurin casar masara da injin niƙa, ya ba mu labari a ƙasa. Ku kuma tura wa duk wanda kuka san yana da gini a hannu wannan kaka. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.